Awakin da Gwaggo Ta Raba wa Gidaje Shida

Ran da aka kai Gwaggo makwancinta, sau biyu Liman yana aikowa cikin gida a rage murya. Ba kuka ne ya yi yawa ba, dariya ce. Mace za ta shigo da hawaye shaɓe-shaɓe, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi gahwarta mata," ta nemi gefen tabarma ta zauna. Kafin hawayen su bushe sai wata ta ce, "Kun tuna ran da tab bi ɗan kabu-kabu da muciya har bakin kasuwa, don ya yi gudu da ɗanta a baya?" Sai ka ga kafaɗu suna rawa a cikin hijabai. Ni ɗiyar ƙanenta ce, ni aka zaunar karɓar gaisuwa. Na ciji leɓe har na gaji, daga baya na saki tawa dariyar.

Mama mai shago ce kaɗai ta yi kukan da ya kai zaure. 'Yar kudu ce, Kirista, ta fi shekara talatin tana sayar mana da sabulu da gishiri da man gyaɗa a wannan gari namu da ke tsakanin Ka'oje da iyakar Benin. Ta zube a ƙofar ɗakin Gwaggo tana cewa, "Wa za ya riƙa hwaɗa mani miyata ta yi yaji?" Da ta share fuska da haɓar zane, sai ta ɗago ta tambayi abin da kowace mace ta tambaya a ranar bayan ta gama gaisuwa: "Ina Mai Awaki? Ya ci abinci?"

Mai Awaki shi ne autan Gwaggo, taubashina. Yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, duk wadda ta gaishe shi sai ya ce mata, "Inna ta tahi, ba ta dawowa." Sannan ya ƙara da, "Akuyata ta sha ruwa?" Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma Allah ya yi shi da ƙarancin fahimta tun yana goye. Ba mahaukaci ba ne, kuma wanda ya taɓa kiransa haka a gaban Gwaggo bai sake ba. Bai san takardar ɗari da ta dubu ba. Yakan sa riga a bai-bai. In ba a ce masa ga abinci ba, ba zai tambaya ba. Amma ba ya barin sahu a masallaci, kuma fuskar da ya gani sau ɗaya, ta mutum ko ta dabba, ya riƙe ta ke nan. A zaman makokin nan muna dariya, amma kowa ya dube shi sai ya sauke kai, don tambaya ɗaya ce a ranmu: yanzu ina za a yi da shi?

Na zauna rubuta wannan ne don kada jikokinmu su tashi su ji ana cewa wai an yi wata tsohuwa mai son awaki. Gwaggo ba ta son awaki ko kaɗan. Takan ce ba ta ga dabba marar kunya irinsu ba.

Abin ya faro ne shekarar da ruwa ya ci fadama. Mijinta ya riga ya rasu, ta dawo gidan babana da autanta. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo ta leƙo, sai ta ga ɗanta a bakin ƙofa leɓunansa sun bushe. Gida cike da mutane, tukunya uku ake ɗorawa kullum, amma kowace mace tana zaton ɗayar ta ba shi, shi kuma bai tambaya ba. Babu wanda ya ƙi shi, kowa ya ji kunya har ƙasa. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta dama masa fura da hannunta, tana kallonsa yana sha, ta ce, "Ashe in na mutu, yunwa ka kashe shi tsakiyar masu sonai."

Ba wai babu abin kula da shi ba ne. Wansa, wanda muke kira Yaya, ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, kuma duk wata yana turo kuɗi. Ga 'yar fadamar ubansu da ake nomawa a ba su rabo. Akwai kuma lokacin da aka rubuta sunansa cikin masu samun tallafin naƙasassu, aka riƙa ba da wani abu jefi-jefi. Gwaggo takan hau kabu-kabu ta je Bagudo wurin masu cirar kuɗi, ta ƙulle su a bakin zane ta dawo. Kowa ya ba ta shawara. Babana ya ce a buɗe masa ajiya a banki. Wata ta ce a sayi fili. Gwaggo ta saurari kowa, ta ce, "Kuɗɗi ba su gaisuwa. In na mutu, wace takarda cikinsu za ta leƙa ɗakinai ta ce ka tashi lahiya?"

Fulanin da ke kewaye da mu suna da wata al'ada da suke kira habbanaye: ka ba wanda ba shi da komai aron dabba mace, ya kiwata, in ta hayayyafa ya riƙe 'ya'yan ya maido maka da uwar. Gwaggo ta ɗauki al'adar ta lanƙwasa ta yadda take so. Ta sayi akuya, ta ba ɗanta igiyar ya ja, suka shiga gidan matar Liman. Ta ce akuyar nan tasa ce, ba tata ba. Haihuwar fari ta masu gida, ta biyu tasa, haka za a yi ta yi. Sharaɗi ɗaya ne: duk ran Asabar mai akuya zai zo duba dukiyarsa, kuma zai wuni. Ran da ya daina zuwa, a maido masa da abinsa. Ba ta ambaci abinci ba ko sau ɗaya. Wa zai bar mai dukiya ya wuni a gidansa bai sa masa hannu a kwano ba?

Haka ta bi ranakun mako ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru, ba gaggawa. Kuɗi suka zo, sai a ga sabuwar akuya. Lahadi ta faɗa wa Mama mai shago. Yakan zauna a bencin ƙofar shagon ya jira ta dawo daga coci, in ta makara ya gaya mata ta makara. Laraba kuwa, ranar kasuwar tsallake, akuyarsa tana wajen wata ƙawar Gwaggo Badandiya, wato 'yar ƙabilar Dandawa, a wani ƙauye da ke cikin Benin, tafiyar da ba ta kai a tauna goro a gama ba. Masu tsaron iyaka na ɓangarorin biyu sun san shi. In ya wuce a bayan babur sai su ɗaga hannu su ce, "Mai Awaki, a gaida dukiya." Ya dawo da kalmomin Dandanci guda biyar, kuma da su yake zagina har yau.

Kowa ya ga yadda yake shiga gidajen nan ba zai manta ba. Sallama da ƙarfi, sanda a kafaɗa, kai tsaye wurin turke. Ya buɗe bakin akuya, ya ɗaga kofato, ya shafa ciki. In ta rame, matar gida ta shiga uku. Na taɓa ganin matar Liman, dattijuwa mai jikoki, tana ba shi haƙuri wai dusa ce ta yi tsada, shi kuma yana girgiza kai kamar alƙali. Da aka ba Gwaggo labari ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Haka nika so. Ba ni son a ji tausayinai. So nike in bai zo ba a ji shiru ya yi yawa."

Ba kowa take ba akuya ba, kuma ni shaida ce. Akwai wata Hajiya mai hali da ta karɓa da murna, amma ran da ya je aka ajiye masa abinci a zaure cikin wani kwano da aka ware masa shi kaɗai. Kafin la'asar Gwaggo ta je ta kwance akuyar da hannunta, ta yi godiya, ta fito. Na ji labarin na ce ai ta yi daidai, ban san ni ma ina cikin waɗanda suka faɗi jarrabawa ba.

Ni da shi taubasai ne, wasa tsakaninmu gado ne. Tun muna yara nake ce masa mai kan tulu, shi kuma yana ce mini mai ƙona tuwo. Sai na tafi kwalejin horon malamai, aka koya mana darasi a kan masu buƙata ta musamman, na dawo da ilimi fal ciki. Na daina tsokanarsa. Na riƙa yi masa magana a hankali, da murya mai laushi, ina karkata kai. Da na yi aure a nan cikin gari na je na ce wa Gwaggo a ba ni Talata, don na ji ba ta da mai ita. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi yay yi miki?" in ji ta.

Na ce, "Wa, Gwaggo?"

"Taubashinki. Shekara biyu ba ki zage shi ba. Ranan yana tambayata ko kin yi hushi da shi. Kina yi mai magana kamar mai jinya. In asibiti nika so, na san hanya."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na fito tsakar gida na same shi yana gyaran igiya. Na tsaya a kansa na ce, "Kai mai kan tulu, wannan ɗaurin naka ko kaza ba za ya riƙe ba." Ya ɗago, fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya ce, "Mai ƙona tuwo ta warke." A makon nan aka jawo mini wata baƙar akuya mai farin goshi, mafi rashin mutunci a duk cikinsu. Na tabbata da gangan Gwaggo ta zaɓa mini ita.

Rigimar da ta fi kowace ita ce tata da Yaya. Shi ma taubashina ne, amma tun da ya fara sa tabarau ya bar wasa. Mutumin kirki ne, ba ya fashin turo kuɗi, kuma yana son ƙanensa, sai dai irin son nan na mai son ya ga abu a ido. Ya zo wata Sallah ya shiga ɗakin ƙanen ya ga tsohuwar katifa.

"Inna, na aiko kuɗɗin katihwa."

"Sun iso."

"To ina katihwar?"

"Tana gidan Mama mai shago, tana da ciki."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce abokansa suna gaya masa ƙanensa yana yawon cin abinci gida-gida kamar marar gata, alhali shi yana raye yana aiki. Ya ce wannan ai bara ce aka sa wa riga. A nan ne na ga ran Gwaggo ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Wanda yaz zo dibin dukiyatai, bara yaz zo? Kai kana aiko kuɗɗi, Allah shi yi maka albarka. Amma ran da yay yi kwana biyu bai ci ba, kuɗɗinka na nan ƙarƙashin matashina." Yaya ya tashi ya fita. Ya daina turo kuɗi, ya koma aiko da kaya: buhun shinkafa, sabulu, yadi. Wai ya yi dabara. Gwaggo ta ɗinka wa ɗanta yadin, ta riƙe sabulun, ta sayar da shinkafar ta sayi akuya. Bayan wata uku Yaya ya gaji ya koma turo kuɗinsa, aka yi sulhun da ba wanda ya ce ya yi kuskure.

Kada a ce ta bar shi a tsumma. Duk gabanin babbar Sallah akan sayar da bunsuru ɗaya ko biyu cikin rabonsa, a yi masa ɗinki, a sayi magani, a gyara rufin ɗakinsa. Katifar ma an saya daga baya, kuma Gwaggo ta sa an gaya wa Yaya cewa jikar kuɗinsa ce ta saye ta.

Rana ɗaya ce ba ta ba kowa ba, Juma'a. Ran nan ba ya zuwa gidan kowa, shi ake zo wa. Daga abin da awakinsa suka kawo take dafa shinkafa da wake babbar tukunya, bayan an sauko daga masallaci a shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinsa. Yaran gidajen shida su zo, mazan da ke wucewa su tsaya, shi kuma yana tsaye da hula a karkace yana cewa, "Ku ci, ku ci, akwai saura." Gwaggo tana daga bakin murhu tana kallonsa. Na taɓa ce mata wannan ai ɓarna ce, da an tara. Ta ce mutumin da ke ci a hannun mutane kwana shida, in bai ciyar ran na bakwai ba bayansa zai lanƙwashe.

Ciwon ajalinta bai ja ba, mako biyu ne. Ko a kwance ba ta bari ya fasa fita ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana jan ƙafa, ta ce, "Yau wace rana?" Ya ce Litinin. Ta ce, "To mi kaka jira? Akuya ba ta san ina ciwo ba." Na gane daga baya cewa koya masa take yi ya fita ya bar ta, tun tana iya ganin bayansa. Ta cika ran wata Alhamis da hantsi, yana can yana duba kofato.

Ran sadakar bakwai, bayan baƙi sun ragu, Yaya ya tara dangi a tsakar gida. Ya yi magana mai kyau, idonsa jajir. Ya ce nauyin ƙanensa ya dawo wuyansa, ya gyara masa ɗaki a Birnin Kebbi mai fanka da talabijin, gobe da safe za su tafi. Babu wanda ya iya musa masa, ai wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na kalli taubashina, yana ta murza igiya bai san da shi ake ba. Na hango shi a bayan gida mai dogon gini, ƙofa a kulle, babu wanda zai gaya wa ya makara. Na koma gida na yi kukan da ban yi ran rasuwar ba.

Da safe na kwance baƙar akuyata da rabonsa cikin 'ya'yanta, don sharaɗi sharaɗi ne, amana kuma ba a riƙe ta bayan mai ita ya tashi. Ina fitowa lungu na ci karo da matar Liman tana jan nata. Ga Mama mai shago daga can da nata garken tana haki. Ba mu haɗa baki ba, kowa abin da Gwaggo ta ce mata ta tuna. Ƙawarta ta tsallake ma labari ya kai mata, ta koro nata tun da asuba ta hanyar gona. Kafin Yaya ya gama karin kumallo, ƙofar gidan babana ta cika da awaki, uwaye da 'ya'ya da jikoki. Wata ta haye kan motarsa, wata ta kama tabarmar makoki da ci.

Yaya ya fito da kofin shayi a hannu ya tsaya.

"Wannan fa?"

Matar Liman ta ce, "Dukiyar ƙanenka ta. Marigayiya tac ce ran da yad daina zuwa a maido mai. Ga ta nan, ka sa a mota."

Shi kuwa Mai Awaki ya shiga tsakiyarsu yana kiran kowace da sunan da ya sa mata, yana gaya wa Yaya wacce ta haifi wacce, wacce ke gidan wa, wacce ta taɓa karyewa aka ɗaure ta. Mutumin da ba ya iya ƙirga canji bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya juya ga Mama mai shago ya ce wannan ta rame, ta ce masa ƙarya yake yi, suka kama musu kamar kullum. Yaya yana kallo. Na ga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye, ya zauna a kan dakali ya ce, "Inna ta gama da ni."

Da ya natsu ya tambayi matan ɗaya bayan ɗaya ko za su ci gaba. Mama mai shago ta ce in an ɗauke shi wa zai riƙa jiranta ran Lahadi. Babana ya ce ɗakin taubashina yana nan, kuma ba za a sake kwana a gidan nan ba tare da an tambaya ko ya ci ba. Yaya ya ƙirga ranakun da yatsu, ya tsaya a kan na bakwai.

"To Jumma'a fa? Inna ba ta nan. Wa za ya ɗauke shi ran Jumma'a?"

A cikinmu ba wanda ya yi wannan tunanin. Sai taubashina ya ɗago daga cikin awaki, ya dubi wansa kamar ya yi tambayar yara.

"Ba a ɗaukata ran Jumma'a. Ni ka ba da abinci." Ya nuna ni da sanda. "Wagga za ta dahwa, ko da ƙonawa takai. Kai ma in kana so ka zo ka ci."

Yaya ya zuba wa ƙanensa ido. Shekara ashirin yana aika wa ƙanensa, bai taɓa zama ya ci nasa ba. Ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ƙarhe nawa?"

"In an sauko masallaci. Kada ka makara, ba a aje ma kowa."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya karɓe ta yadda ta so a riƙa karɓar ɗanta, da fara'a da wurin zama a tsakiyar gida. Ni ce a bakin murhu yanzu. Yaya yakan ɗauki hutun ranar ya kamo hanya tun da safe, ba kowane mako ba, amma ya fi zuwa a kan fashi. Juma'ar da ta wuce motarsa ta yi faci a hanyar Bagudo, ya iso ana wanke tukunya. Ƙanensa ya dube shi ya ce ai ya gaya masa. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwano a rufe, wanda ya ɓoye tun kafin a fara rabo.